Bas ɗin Kawo zuwa Sabon Tasha: ta ina zai bi?

Malam Isiyaku T/Wada: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da tambaya ga masu ilimin abin. Tun da aka fara maganar titin bas na musamman daga Kawo zuwa Sabon Tasha a nan Kaduna, wanda suke kira BRT, hankalina bai kwanta ba. Ɗazu bayan Azahar na je shagon ƙanena da ke bakin babban titi, na ƙirga taku daga bakin kwalta zuwa dakalinsa, taku shida ne cif. A cikin shidan nan akwai kwata, akwai turken lantarki, akwai teburin mai shayi, ga janareto a cikin keji. To bas ɗin da aka ce za a ware masa hanyarsa shi kaɗai, ta ina zai wuce? Ko tashi sama zai yi?

Ɗan Kawo Direba: Wa alaikumus salam. Ta kan shagon ƙanen naka zai bi mana, Malam. Ka ce masa ya fara haɗa kaya.

Malam Isiyaku T/Wada: Haba Ɗan Kawo, ba a wasa da abincin mutum.

Injiniya Bashir: Wa alaikumus salam Malam Isiyaku. Tambayarka ita ce tambayar aikin gaba ɗaya, ba ƙarama ba ce. Bari in yi maka lissafin a sauƙaƙe. Layin bas ɗaya yana cin kusan mita 3.5. Zuwa da dawowa mita 7 ke nan. Inda za a kafa wurin hawa da sauka a tsakiyar titi, sai ka ƙara wasu mita 4 ko 5. Wannan filin kuwa wuri biyu kaɗai ake samo shi: ko a karɓe daga hannun masu ƙananan motoci, a rage musu layi, ko a faɗaɗa titin a ci gefe. Na farko ba ya cin kuɗi sosai amma masu motoci za su yi ta tsine wa gwamnati, kuma su ne masu baki. Na biyu shi ne rusau da diyya.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba, a takarda filin nan yana nan. Duk ginin da aka ba izini a bakin titi, an gindaya masa tazarar da zai bari tsakaninsa da kwalta. KASUPDA ce ke ba da izinin gini, KADGIS ke riƙe da bayanan filaye. In ka buɗe taswira za ka ga sarari fetal a gefen titi. In ka je wurin da ƙafarka sai ka tarar da shaguna. Kowa a nan ya san yadda ake cin tazarar nan: farko rumfar buhu, bayan damina ɗaya ta koma ta kwano, sai a ajiye kwantena, sai wata Asabar da dare a ɗora bulo, Litinin ta yi an sa ƙofar ƙarfe an ba da haya. Shekara goma a haka, wanda ya sayi shagon a hannu na uku bai ma san a kan filin titi yake ba.

Garba Mai Waya: Injiniya, da girmanka, amma ka yi magana kamar mutanen ofis. Lokacin da ake ɗora bulon ina masu dokar suke? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ni abin ya faru a kaina. Shekara bakwai ina haya a shago ɗaya, duk shekara ana zuwa karɓar kuɗin haraji da na allon talla, ana ba ni rasit, ba wanda ya taɓa ce mini wurin nan ba ya kan ƙa'ida. Ranar wata Laraba muka zo da safe muka tarar da jan fenti a bango. Kafin wata ya zagayo katafila ta zo. Mai ginin ya bi takardunsa ya samu ɗan abin da ya samu. Ni da na zuba tayil da silin da gilashi da kuɗina, ko sisi. Kantata na ɗauka a ka. Har yau kwastomomina na wancan layin ban samu rabinsu ba.

Maman Khalifa Rigasa: Allah sarki. Allah ya mayar da alheri, Malam Garba.

Injiniya Bashir: Amin. Garba, ban musa maka ba. Ai maganarka ce ma take ƙarfafa tawa. Dokar da aka bari ta yi barci shekara ashirin, ranar da aka tashe ta talaka take fara cizo.

Barista Hadiza: Salam. Bari in shigo ta ɓangaren da na sani, don abin da ya samu Malam Garba ba tsautsayi ba ne kawai, haka dokar take a rubuce. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Kai da kake cewa "filina", haƙƙin zama da amfani kake da shi. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke wannan haƙƙin idan jama'a na buƙatar wurin, kamar titi ko layin dogo. Sashe na 29 ya ce a biya diyya, amma diyyar ba ta ƙasar ba ce, ta abin da ka ɗora a kanta ce: gini, katanga, rijiya, itatuwa, amfanin gona. Kuma mai haƙƙin wurin ake nema, shi ya sa ɗan haya yakan tashi a tutar babu in ba a yi masa wani tanadi daban ba.

Yadda wannan ke shafar aiki kuwa, ga shi. Ɗan kwangila ba ya iya fara haƙa sai an miƙa masa hanya a share. Gida ɗaya ya garzaya kotu ya samo umarnin dakatarwa, sai aikin kilomita guda ya tsaya, injuna na cin kuɗin haya a ajiye, damina ta shigo, siminti ya ƙara kuɗi. Sau da yawa in kuka ga titi an yi kwalta nan, an tsallake can, an ci gaba a gaba, ba rashin kuɗi ba ne kaɗai. Ku duba wurin da aka tsallake, za ku ga gini tsaye.

Alhaji Tanko U/Rimi: Barista, to wanda ke da takardar shaidar mallaka ta gwamna fa? Shi ma haka za a zo a tashe shi?

Barista Hadiza: Za a iya, ranka ya daɗe, sai dai shi dole a ba shi sanarwa a rubuce a kuma kimanta gininsa, in aka tsallake wannan yana da ƙafar tsayawa a kotu. Wanda ke cikin wahala shi ne mai filin awon igiya, wanda ya saya a hannun magada ko dillali, takardarsa guda ce da sa hannun mai unguwa da shaidu uku. Kuma in za a faɗi gaskiya, unguwanninmu masu yawan jama'a da haka aka gina akasarinsu.

Maman Khalifa Rigasa: Barista ai kamar da mu kike. Layinmu a Rigasa, in keke Napep biyu suka haɗu dole ɗaya ya koma da baya har bakin masallaci. Da maƙwabciyata ta tashi haihuwa cikin dare, a kujerar roba aka ɗauko ta zuwa bakin hanya don mota ba ta shiga. Wanda ya yanka filayen bai bar wa hanya komai ba, kowane taku kuɗi ne a wurinsa. Ni malamar makaranta ce a cikin gari, abin hawa uku nake yi kafin in isa, in na makara da minti goma a gida sai na yi awa a gosulo. Abin haushin ma, tashar jirgin Abuja a unguwarmu take tun 2016. A nan jirgi ke tashi, a nan yake sauka, amma mu da ke kwana kusa da shi ba abin da ke kai mu Kasuwa da safe sai keke. To yanzu wannan bas ɗin na Kawo zuwa Sabon Tasha, mu ina ruwansa da mu? Ko kallonsa ba za mu yi ba sai mun biya kuɗin mota biyu.

Injiniya Bashir: Maman Khalifa kin taɓo ɗaya rabin maganar, wanda ya fi damuna fiye da rusau. Dokar tsara gari ba faɗin titi kaɗai take yankewa ba, ita ke cewa mutum nawa za su zauna a ina. Bas babba ko jirgi ba ya riƙe kansa sai da fasinja, fasinja kuma ba ya son tafiyar ƙafa da ta wuce kamar mita 500 zuwa tasha. Yanzu ku dubi ƙashin bayan Kaduna: Kawo, titin Ali Akilu, titin Ahmadu Bello, a haye gada, a bi titin Kachia har Sabon Tasha. Kilomita 24 aka ce aikin zai ci. Daga Kawo in ka miƙo, me ke gefen titin a wurare da yawa? Barikin soja, ofisoshin gwamnati, makarantu, da GRA, unguwar manya, inda gida ɗaya ke zaune a filin da a Badarawa ko Tudun Wada iyali ashirin za su rayu. Inda titi ke da faɗi ba mutane, inda mutane suke ba titi. Wannan ba bas ne zai gyara shi ba, alƙalami ne.

A Kuritiba ta ƙasar Brazil, da ta fara nata irin wannan bas a 1974, abin da suka yi shi ne suka ɗaure dokar gini da layin bas: a bakin layin aka yarda a yi dogayen benaye, ƙasa shaguna sama gidaje, kana nisa da layin tsawon gini na raguwa. Sai garin ya girma a jikin bas ɗin. Kishiyar haka ba sai mun je nesa ba. Jirgin cikin gari na Abuja da aka buɗe a 2018, tashoshinsa da dama a fili suke, nesa da inda ma'aikata ke kwana. Mutumin Nyanya da Mararaba, waɗanda su ne ke cika titi da asuba, layin bai bi ta wajensu ba.

Alhaji Tanko U/Rimi: To a nan ne zan rabu da kai, Injiniya. Wato so kake a zo a dasa mini bene hawa shida a jikin katangata? Iyalina na tsakar gida suna wanki, wani ɗan haya na sama yana shan shayi yana kallonsu? Mu ba mutanen Brazil ba ne. Gidan Bahaushe sirri ne. Na sayi wurin nan ne don an ce unguwar zama ce, ba kasuwa ba. Yanzu ma ba mu tsira ba: layinmu makaranta biyu, asibiti ɗaya, da wani wurin biki da ba ya barin mu barci ranar Asabar. Ƙarfe biyu na rana in an tashi 'yan makaranta ba na iya fita da mota daga gidana. Kwatar da aka yi wa gida goma yanzu ruwan mutum ɗari biyar take ɗauka. In an ƙara benaye, ruwan famfon da ba ya zuwa shi zai hau sama?

Zainab Ɗalibar Poly: Baba Alhaji, a gafarce ni in sa baki cikin maganar manya. Abin da ka lissafa ai shi ne hujjar Injiniya. GRA ɗin ta riga ta canza, kowa ya bi titin Isa Kaita ko Alkali ya ga gidaje sun koma shaguna da ofisoshi. Sai dai canjin ɗaiɗai yake zuwa, wannan ya nemi izinin sauya amfanin fili, wancan ya yi ba izini, ba wanda ya zauna ya ce tunda haka ne bari a faɗaɗa kwata a yi wurin ajiye motoci. Da za a ce benaye a layin farko na bakin babban titi kawai, a kuma hana taga ko baranda ta fuskanci tsakar gidan maƙwabci, ai an raba gardama. A darasi an nuna mana ana iya rubuta wannan a sharaɗin izinin gini.

Alhaji Tanko U/Rimi: 'Yata, rubutawa daban, bi daban. Wanda zai zo duba tagar, shi ne wanda bai ga an ɗora bulo a filin titi ba.

Garba Mai Waya: Alhaji ya gama magana.

Baba Audu Reluwe: Salamu alaikum. Jikana ne ke rubuta mini, ni idona ya yi rauni. Na ji ana ta neman fili, ni kuwa dariya nake. Filin da kuke nema Bature ya bar muku shi tun kafin a haifi iyayenku. Garin nan dogo ne ya haife shi. Layin da ya tashi daga Baro ya isa Kano a 1911, sai a 1917 Gwamna Lugga ya dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru. Ku bi layin dogo da ido: Rigachikun, Kawo, ya ratsa ta bayan babbar kasuwa, ya haye kogi, ya shiga Kaduna Junction, ga Kakuri, reshe ɗaya ya yi hanyar Kafanchan ta wajen Sabon Tasha. Ashe ba hanyar da kuke son bas ya bi ba ke nan? Shekara 31 na yi a reluwe. A zamaninmu ko akuya ka ɗaure kusa da dogo sai ka amsa tambaya.

Yanzu ku je Bakin Dogo ku gani. Sunan kasuwar ma ya faɗa muku inda take. Na sha ganin mai tumatir ya baza kayansa a kan katakon layin, in ya ji ƙahon jirgi ya janye tire, jirgi ya wuce a hankali kamar mai bin gawa, ya mayar. Wasu wuraren ma ba tire ba ne, ɗaki ne da baranda.

Game da GRA da kuke faɗa a kai, ku sani ba don kyau aka yi ta haka ba. Dokar Turawa ce ta ce a bar sarari na yadi 440 tsakanin unguwarsu da ta baƙar fata, wai kada sauro ya ɗauko musu zazzaɓi daga jikinmu. Bature ya tafi, manyanmu suka shiga gidajen, dokar manyan filaye ta zauna daram. Alhaji Tanko kada ka ji haushi, tarihi ne.

Alhaji Tanko U/Rimi: Ba komai Baba, ai ni ma a Unguwar Shanu aka haife ni.

Danladi S/Tasha: Baba mun gode, Allah ya ƙara lafiya. To me ya hana a ɗora jirgin cikin garin a kan tsohon layin kawai, a huta da rushe-rushe? Na ji ana cewa daga Rigachikun zuwa Sabon Tasha za a yi.

Baba Audu Reluwe: Ɗana, layin guda ɗaya ne, jirgi biyu ba sa wuce juna sai a tasha. Kuma ƙaramin layi ne, faɗinsa milimita 1,067, na Abuja kuwa 1,435, taragon wannan ba ya hawa wancan. In ana son jirgi duk minti goma sai an shimfiɗa layi biyu, a katange shi, a yi gada ko ƙofa duk inda ya gitta titi. Nan ma sai an tashi mutane. Sai dai tashin bai kai na titin Ahmadu Bello ba.

Barista Hadiza: Ƙari a kan na Baba: filin dogo na Hukumar Jiragen Ƙasa ta tarayya ne, ba na jiha ba. Gyaran tsarin mulki da aka sa wa hannu a 2023 ya ba jihohi damar yin layin dogo nasu, amma bai miƙa musu filin hukumar ba, sai an zauna an yi yarjejeniya. Haka titunan tarayya, su nasu filin mita 45.72 ne daga tsakiyar titi kowane gefe, wato ƙafa 150. Ku auna wannan a bypass ɗin Nnamdi Azikiwe ku ga gini nawa ne a ciki. Ga kuma ƙananan hukumomi huɗu da garin ya shiga: Kaduna ta Arewa, Kaduna ta Kudu, Igabi da Chikun. Rigasa da Rigachikun Igabi ne, Sabon Tasha Chikun. Su ke kula da kasuwanni da tashoshin mota bisa tsarin mulki, su ke yankar rasit. Layin bas ɗaya, masu iko da ƙasarsa sun fi biyar.

Danladi S/Tasha: Bypass ɗin nan kam abin dariya ne. An yi shi don tirela ta kewaye gari, yanzu gari ya haɗiye shi, yara na tsallaka shi zuwa makaranta. Amma ni damuwata kogi ne. Duk faɗin da za a yi wa titi, a bakin gada ake matsewa. Kowa a nan ya san bayan rikicin 2000 da na 2002 yadda garin ya rabu, wasu suka tattara suka koma kudu, wasu suka koma arewa. Babana gidansa a Tudun Wada yake, ya sayar muka dawo nan. Aikinsa kuwa bai koma ko'ina ba, yana nan a cikin gari, sai tafiyar minti goma ta zama ta awa ɗaya. Dubban mutane haka. Unguwannin da aka koma ɗin, Romi, Gonin Gora, Kamazou, da na can wajen Rigasa da Hayin Banki, yawanci ba gwamnati ce ta yanka su ba, gudu ne ya yanka su. Shi ya sa ni ina son bas ɗin nan ko da zai ci rabin shagon ɗan'uwana. Motar da za ta ɗauki mutumin Kawo da na Sabo a kujera ɗaya kullum, ba ƙaramin abu ba ce a garin nan.

Malam Isiyaku T/Wada: Wallahi Danladi ka tuna mini da maƙwabtanmu na da. Wane layi gidanku yake? Ka yi mini magana ta gefe.

Ɗan Kawo Direba: Ni fa duk turancin nan bai dame ni ba. Tambayata ɗaya. Shekara 18 ina jan bas a hanyar nan. Fasinjan Kaduna a ƙofar gidansa yake son sauka, "direba akwai", ka taka burki ko a tsakiyar shataletale ne. In aka kafa shinge a tsakiyar titi, mu a wane layi za mu tsaya mu ɗauka? Kuma in babbar mota ta kwashe fasinjan babban titi, mu da yaran mota da 'yan kamasho ina za mu? Ga bas 100 masu iskar gas da aka kawo a 2025, tun yanzu mun ji a jikinmu.

Injiniya Bashir: Ɗan Kawo, su ma waɗancan ɗin ai a gosulo ɗaya kuke tsayawa da su, shi ya sa ake son ware layi. Amsar tambayarka ita ce ta Maman Khalifa: ku ne za ku riƙa kwaso mutane daga Rigasa, Mando, Malali, Barnawa, Narayi, ku kawo su bakin layin. A Legas da suka buɗe nasu a 2008 daga Mile 12 zuwa CMS, da ƙungiyar direbobi aka fara tafiyar da shi. Amma nan ma fili ne. Kowace babbar mahaɗa tana buƙatar wurin da ƙananan motoci da keke za su juya su jira. In ba a ware shi a taswira ba, a kan kwalta za ku tsaya, hukumar kula da dokokin hanya ta KASTLEA ta bi ku, a koma gidan jiya. Aikin sabunta birni da aka fara a 2019 ya faɗaɗa tituna, an sake gadar Kawo, an yi sabuwar gada ta Kabala Costain, ba wanda zai ce ba a yi aiki ba. Amma wa aka auna wa titunan? Mai mota. Da a lokacin an bar tsakiya da faɗin layin bas, yau fenti da shinge kawai za a sa.

Garba Mai Waya: Wato a sake rushe inda aka riga aka rushe. Mutanen Kasuwar Barci da aka tasa a 2020 ku tambaye su shekara nawa suka yi suna gararamba kafin su ga shago.

Mai Zaure: Jama'a a yi haƙuri, kada mu shiga siyasa. An goge saƙo biyu. Maganar fili da bas ake yi.

Zainab Ɗalibar Poly: Abin da ke ba ni takaici, ba tsari ne Kaduna ta rasa ba. Tun 1967 wani Bature mai suna Max Lock ya zana wa garin nan tsarin shekara hamsin, aka sake sabunta shi a 2010. Yana nan a ajiye. Ni da za a tambaye ni, cikin gari a yi abin da zai yiwu, amma ƙarfin a kai shi inda ba a gama ginawa ba. Millennium City, Maraban Rido, bayan Mando, hanyar Zariya bayan Rigachikun. Yau a can gona ce, diyyar masara da mangwaro za a biya. A kafa turaku, a shuka itatuwa a jere, kowa ya san nan hanyar bas ce ko da sai shekara ashirin za a yi ta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sannan Kakuri: masaƙun nan da suka mutu, KTL da 'yan'uwanta, manyan filaye ne a jikin layin dogo, a takarda har yanzu wurin masana'antu. Da za a sauya wa wani sashe suna a yi gidajen haya masu hawa, ga fasinja a bakin tasha ba a tashi kowa ba.

Baba Audu Reluwe: A'a 'yar nan, Kakuri a bar ta. Ina raye na ga lokacin da in an tashi aiki a masaƙa kekuna ke rufe titi. Wa ya ce ba za su dawo ba? In kun cika wurin da gidaje, ranar da aka samu wuta ina za a kafa injin?

Zainab Ɗalibar Poly: Allah ya dawo da su Baba. KTL dai tun 2002 take rufe, a shekarar aka haifi yayata, yanzu 'ya'yanta biyu.

Injiniya Bashir: Turakun da kike faɗa, Zainab, an taɓa kafa irinsu a wani aiki da na yi a bayan gari. Da muka koma bayan shekara biyu, dillalai sun tumɓuke su sun sayar da wurin fuloti-fuloti, har da masallaci a tsakiya don kada a taɓa. Ɗaya daga turakun a ƙofar wani gida na gan shi, an ɗaure rago a jiki. In ba a sa bayanin a inda mai saye zai duba da wayarsa kafin ya biya ba, turke ƙarfe ne kawai.

Maman Khalifa Rigasa: To ni dai har yanzu ba a ce mini ga ranar da zan daina hawa mota uku ba.

Malam Isiyaku T/Wada: Jama'a na dawo. Bayan La'asar na koma shagon da tef ɗin tela, muka kira mai gidan, dattijo ne mai kirki, ya fito mana da tsohuwar taswirar filin daga cikin leda. Katangar asali tana bayan shagon, ita ce ma bangon da ƙanena ya kafa kanta a jiki. Wato shagunan biyar da ke jere a wurin, har da nasa, gaba ɗaya a wajen iyakar filin suke. Dattijon ya ce shi ma haka ya gada, yayansa ne ya gina su lokacin Shagari. Ƙanena kuwa watan jiya ya biya hayar shekara biyu, ya ciyo bashi ya sa sabuwar ƙofa.

Barista Hadiza: Malam Isiyaku, kada ya ƙara kashe ko kwabo a gyaran shagon. Ya adana rasit ɗin haya da na ƙofar. Ku koma wurin dattijon tun ana shiri, a rubuta a takarda cewa in aka taɓa ginin kafin wa'adi zai mayar da kuɗin watannin da suka rage, shaidu biyu su sa hannu. Ka turo mini hoton taswirar ta gefe in duba lambar filin.

Malam Isiyaku T/Wada: Na gode Barista, Allah ya saka. Hoton bai fito sosai ba, takardar ta sha ruwa a gefe ɗaya. Gobe in Allah ya kai mu zan ɗauka da rana.

Ɗan Kawo Direba: Mai shayin fa? Shi wa zai rubuta masa takarda?

Malam Isiyaku T/Wada: Shi ai tun ɗazu ya ce teburinsa ƙafa huɗu gare shi.